Allon zamiya na dusar ƙanƙara mai zurfi: wace ƙira ke tasowa, wace ke kafewa

Shiga shagon kayan zamiyar ƙanƙara a Kanada ko Amurka ka ce kana neman allo, irin wanda ake ɗaure ƙafafu biyu a kansa a zamo daga kan dutse, wanda ba zai nutse da kai a sabuwar dusa mai zurfi ba, sau da yawa amsar farko da za ka ji ita ce ka ƙara tsawo. Shawarar ta tsufa. Ta samo asali ne tun zamanin da alluna kusan duk yankansu ɗaya, mai saye ba shi da abin zaɓa sai santimita. Yau allo mai santimita 150 na iya tasowa sama ya bar mai 163 yana ta nitso, domin abin da ke yanke hukunci shi ne inda aka jibge faɗin allon: nawa ne a gaban ƙafarka ta gaba, nawa ya rage a bayan ta baya. Wanda ya riƙe wannan, zanen jikin allo da zaƙin bakin mai shago ba za su ɗebe shi ba.

Amma a fara da sanin wace dusa ake nufi. Wadda ta kwana tana zuba, ba wanda ya taka, kusan duk iska ce. Ruwan cikinta bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba, wato kubik mita ɗaya nauyinsa kilo 50 zuwa 100. Wadda inji ke fesawa, irin ta Ski Dubai, wurin zamiya na cikin gini a Dubai, ta ninka wannan sau da yawa, ga ta a daddaɓe. Don haka wanda ya koyi tsayuwa kan allo a can bai san komai ba tukuna game da nutsewa. Ita kanta ta sama iri-iri ce. A Niseko da ke tsibirin Hokkaido na Japan, iskar Saiberiya ce ke tsallako teku ta kwaso danshi ta juye shi kan dutsen Annupuri, busasshiyar dusa mara nauyi, kusan mita 15 a kakar sanyi ɗaya, kuma gangaren wurin ba tsaye yake sosai ba, ga itatuwa. A irin wannan wuri allo na nutsewa ƙwarai, ga shi babu isasshen gangaren da zai ba ka gudu kyauta. Dutsen Baker na jihar Washington kuwa, wanda ya kafa tarihi da zubar dusa inci 1,140 a kakar 1998 zuwa 1999, kusan mita 29 ke nan, dusarsa mai danshi ce da nauyi. A can kusan kowane allo zai taso, matsalar ita ce dusar na ture hancin allo, wato gabansa, duk inda ta ga dama.

Allo ba ya tasowa a tsaye. Ka tsaya cak a dusa mai kai ƙugu, ko wane iri ka taka, ƙasa za ka yi. Gudu ne ke ɗaga shi, kamar kwale-kwale mai inji da ke ɗaga goshi idan direba ya ba shi wuta, ya koma ya kwanta da zarar an sassauta. Aikin ƙira shi ne ta sa hancin ya ɗaga da wuri, tun gudu bai yi yawa ba, ta kuma riƙe shi a sama ba sai ka jingina dukkan nauyinka kan ƙafar baya ba. Wannan jinginar ce azabar da ke korar mutane daga dutse tun kafin azahar. Cinyar baya ta ɗau zugi, ka sassauta na ƙiftawar ido, hanci ya caki dusa, ka yi alkafura. Daga nan sai kwance maɗauri, wato abin da ke riƙe takalminka a kan allo, da haƙa da hannu da lalube, a wurin da ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Masu zamiya da sanduna biyu suna da abin dogarawa, kai ba ka da shi.

Abin da za a auna

Na farko tsukewa. Auna wurin da hanci ya fi faɗi, ka auna wurin da wutsiya ta fi faɗi, bambancin shi ne tsukewar. Allon da kansa da wutsiyarsa iri ɗaya ne ba shi da ko milimita ɗaya. Daga 5 zuwa 12 tsukewa ce mai sauƙi, 15 zuwa 20 ta fara nuna hali, 30 kuwa irin ta allon Fish na kamfanin Burton ce, wanda ya fito a farkon shekarun 2000 ya buɗe wa sauran kamfanoni ido. Siririyar wutsiya ba ta da abin takawa, sai ta nutse da kanta, nutsewarta kuwa ita ke ɗaga hanci. Kuɗin da za ka biya shi ne a kan dusa mai tauri: wutsiyar na sakin ƙasa da wuri a ƙarshen kwana, idan tsukewar ta yi yawa sai ka ji bayan allon na sulalewa.

Na biyu ja-baya, wato yadda aka matsar da ramukan maɗauri zuwa wajen wutsiya. A nan takardun kamfanoni ke ruɗa mutane. Wasu na rubuta ja-bayan da aka auna daga tsakiyar ƙarfen da ke bin gefen allon, ɓangarensa da ke taɓa ƙasa, sai ka ga santimita 2, alhali idan aka auna daga tsakiyar allon gaba ɗaya ya kai 7 ko 8 saboda dogon hanci. Wasu kuma ba sa faɗin wanne suka auna. Ka tafi shago da tef. Daga tsakiyar ramukan gaba zuwa ƙarshen hanci, daga tsakiyar na baya zuwa ƙarshen wutsiya. Idan bambancin bai kai santimita 10 ba, allon ba na dusa mai zurfi ba ne, ko me aka rubuta a jikinsa.

Na uku lanƙwasa, idan an kalli allon ta gefe. Akwai mai doro, wanda masu shago ke kira kamba: ka kwantar da shi a ƙasa tsakiyarsa a ɗage take, kusa da kai da kusa da wutsiya ne ke taɓa ƙasa. Akwai kishiyarsa, roka, wanda ke kwance a tsakiya, ƙarshensa a sama. Gwajin mai sauƙi ne. Kwantar da allon a siminti mai baje, ka tura farar takarda daga ƙarƙashin hanci har ta tsaya. A allon kamba zalla za ta tsaya nan da nan, bayan ɗan murɗin hanci. A allon da aka ƙera don dusa za ta yi ta shiga har kusa da ramukan ƙafar gaba. Sai ka danna tsakiyar allon da tafin hannu ka sa ido kan hancin. Idan ya ƙara ɗagawa yayin da doron ke kwanciya, ka sami abin da ake nema, domin haka zai yi idan ka hau.

Wasu kamfanoni na ɗan naɗe gefen hancin sama, ƙasansa ya yi zubin cokali. Jones na kiran nasa 3D Contour Base, Bataleon na da 3BT. Yana watsa dusa gefe, yana sauƙaƙa juyawa daga gefe zuwa gefe. Ƙari ne mai daɗi, amma ba zai ceci allon da hancinsa gajere ne ba.

Ƙirar da ta fi cancantar kuɗinka

Allo mai fuska ɗaya, wato wanda hancinsa da wutsiyarsa suka bambanta, tsukewa tsakanin milimita 10 da 20, dogon hanci mai roka, kamba a ƙarƙashin ƙafafu, gajeriyar wutsiya mai tauri. Burton Flight Attendant da Hometown Hero suna wannan layin ta ɓangaren sauƙi, Jones Hovercraft ya fi karkata ga dusa da faffaɗan hancinsa da ɗan tsagin wutsiya, alluna da yawa na Korua Shapes ma haka suke. Ba sunan ne abin riƙewa ba, domin kamfanoni na sauya ma'auni shekara zuwa shekara, zubin ne.

Dalilin fifita shi yana cikin yadda ranar dusa take a zahiri, ba yadda take a bidiyon talla ba. A wurin da kujerun igiya ke kai jama'a sama, dusar da ba a taka ba ba ta wuce awa ɗaya ko biyu. Kafin hantsi ya dubi ludayi an yayyanka ta, ta zama tudu da kwari. Ga kuma hanyar komawa gindin dutse, siririya, a daddaɓe, wani lokaci da ƙanƙara mai santsi a inda inuwa take. Ga ratsawa ta gefen gangare don isa inda ba a taɓa ba, kana tafe kan gefen ƙarfe ɗaya na tsawon mintuna. Duk waɗannan kamba suke so, domin doron ne ke danna ƙarfen cikin ƙasa ya riƙe. Hancin mai roka kuma na can gaba yana nasa aikin, yana hawa kan tudun dusa maimakon ya cake shi. Kana tsaye daidai a tsakiyar ƙafafunka, nauyi rabi da rabi, cinyar baya na hutawa. Gajeriyar wutsiya mai tauri ita ce birki: ka danna ta a tsakanin itatuwa, allon ya juya a ɗan wuri, ka dira daga ɗan tudu ta tare ka ba ta lanƙwashe ba.

A kula da taurin hancin. Ana so ya ɗan fi wutsiya laushi don dusa ta tura shi sama, amma wanda ya yi laushi ƙwarai yana naɗewa idan ya ci karo da dusar da aka yayyanka, ya riƙa kaɗawa idan gudu ya ƙaru. Ka tsayar da allon kan wutsiya, ka kama hanci da hannu ɗaya ka danna da ɗayan a daidai ramukan gaba. Ya lanƙwashe a hankali, santala. Idan akwai wuri ɗaya da yake karyewa kamar gwiwa, a nan zai naɗe da kai. Mai zuwa inda dusa ke da nauyi ya zaɓi mai tauri, mai zuwa Hokkaido na iya sassautawa.

Sauran kuwa ga su. Allon tagwaye, mai kai da wutsiya iri ɗaya, na wasan tsalle ne da tafiya da baya, a bar shi can. Roka zalla, wadda ta yi tashe bayan Lib Tech ta fitar da Skate Banana a tsakiyar shekarun 2000, tana tasowa a ƙaramin gudu amma rawa take yi a babba, kuma ba ta riƙe ƙasa mai tauri. Dogon allo mai wutsiyar tsattsewa, zuriyar Winterstick da Dimitrije Milovich ya fara ƙerawa a jihar Yuta a shekarun 1970, babu kamarsa a buɗaɗɗen gangare mai dusa har ƙirji, sai dai irin wannan rana ta masu hayar helikwafta ce, ga ƙahonin wutsiyar da saurin fashewa. Gentemstick na Taro Tamai, wanda aka kafa a 1998 ake kuma danganta shi da Niseko, aiki ne na gwaninta, farashinsa ma haka.

Wanda ya zo na biyu da gaske shi ne gajere mai faɗi, irin Lib Tech Orca da Ride Warpig, waɗanda ake hawa ƙasa da tsawon da ka saba, wani da santimita 3 zuwa 6, wani har 10. Lissafin a bayyane yake: allo mai tsawon 160 da matsakaicin faɗin 27 ya ba da murabba'in santimita 4,320, mai tsawon 152 da faɗin 29 ya ba da 4,408. Gajeren ya fi yawan abin takawa, ga saurin juyawa a cikin itatuwa, ga sauƙin sawa a jakar jirgi. Inda yake ba da kunya wuri biyu ne. A shimfiɗaɗɗen wuri mai dusa mara nauyi, gajarta na cin gudu, mai jiki zai kafe inda dogo ya wuce. Sannan ƙafa. Mai ƙaramar ƙafa, lamba 40 ko 41, idan ya hau allo mai faɗin santimita 27 a tsakiyarsa, yatsunsa da dunduniyarsa ba sa kai gefen ƙarfe, kowace kwana sai ya yi kokawa, tafin ƙafa ya riƙa ciwo. Ana so takalmi ya leƙo da santimita 1 zuwa 2 ta gaba da ta baya. Mai lamba 44 zuwa sama shi wannan ƙira ta fi yi wa rana, domin dama yana bukatar faɗi.

Wajen zaɓen tsawo a bi nauyi, a manta da tsohuwar al'adar auna allo da haɓa. Kowane kamfani na da jadawalin kilo na kowane tsawo. Ka haɗa da kayan sanyi da takalmi da jakar baya, sun kai ƙarin kilo 5 ko fiye. Idan ka faɗa a ƙarshen jadawalin wani tsawo, ɗauki na gaba da shi.

Kafin ma a zaro kuɗi, wanda yake da allo ya gwada abin da ba a biya. Kwance maɗaurai biyun, ka mayar da kowanne baya daidai wa daida don tazarar ƙafafunka kar ta canja. A tsarin ramuka da ake kira 2x4 tsakanin kowane layi da na bayansa santimita 2 ne, kuma matsawar santimita 2 na ƙara wa hanci 2 ta rage wa wutsiya 2, bambanci 4 ke nan. Allunan Burton masu kwaroro, wato The Channel, zamar da maɗaurin kawai ake yi a cikin kwaroron. A yi amfani da sukundireba lamba 3, ƙarami na cinye kan sukuru. Kar a sa sukurun da ya fi na asali tsawo, yana tura ƙasan allon ya yi ƙulu. A kuma shafa wa ƙasan allon kakin ƙara santsi na lokacin sanyi idan ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 10 a ƙarƙashin sifiri, domin busasshiyar dusa mai tsananin sanyi na riƙe allo, allon da ba ya gudu kuwa ba ya tasowa, ko nawa aka saye shi.

Inda ake cutar mutane

Cuta ta farko a tallar take. Kamfani ya ɗauki allon tagwaye, ya ɗan ɗaga hanci, ya zana masa dutse da gajimare, ya rubuta cewa na kowace irin dusa ne. Ka nemi lambobi uku: faɗin hanci, faɗin wutsiya, ja-baya. Shafin da ya ɓoye su, ko mai shagon da ya amsa da cewa ai kowa na yabonsa, ka san babu abin nunawa.

Ta biyu shafukan bogi. Suna kwafe tambarin kamfani da hotunansa, su sa ragin kashi 70 ko 80, su yi ta tallata kansu a Facebook da Instagram. Sabon allo mai kyau yana tsakanin dala 450 da 700. Ragi na gaskiya yana zuwa ne a ƙarshen kaka, wajen Maris da Afrilu, kashi 20 zuwa 40, kuma galibi tsawon da ba a saya ba ne ya rage. Allon bana a dala 90 babu shi a duniya. Ko dai kaya ba za su zo ba, ko a kwashe bayanan katinka. Kamfanonin na lissafa dillalansu na gaskiya a shafukansu, a duba can tukuna.

Ta uku kuma mafi yawa, kayan hannu. Ba laifi ba ne sayen tsohon allo, allunan dusa ma ba sa shan wahala kamar na tsalle, ana dacewa. Amma a gani da ido, da rana, a cire maɗaurai, domin a ƙarƙashinsu ake ɓoye tsagewa. Bi gefen ƙarfen da farce tun daga hanci har wutsiya: duk inda ya tsage, ko ya lotsa ciki, ko ya rabu da jikin allon, ciniki ya ƙare. Matsa bakin hanci da na wutsiya da yatsu biyu, idan fatar sama na buɗewa ruwa ya riga ya shiga, katakon ciki ya fara ruɓewa, kuma wannan ba ya gyaruwa da gam. Juya ƙasan ka kalle shi a karkace wajen haske. Ƙarzuwa ba komai ba ce. Rami mai zurfin da ya kai ga abin da ke ƙarƙashin roba, musamman a jikin ƙarfe, shi ne abin tsoro, haka ma faci mai launi dabam. Masu wayo na lafta kaki mai kauri su bar shi ba a kankare ba don ya rufe, ka ce a kankare a gabanka. Ɗaura sukuru a kowane rami ɗaya bayan ɗaya, har da na can baya, waɗanda su ne za ka fi bukata. Wanda ke juyawa ba ya kamawa ya mutu. Sannan a kwantar da allon a ƙasa: idan an ce mai kamba ne amma ya kwanta shame-shame, doron ya gaji. Idan kusurwa ɗaya ta ɗaga, ya murɗe. Sitika babba a wuri mara dalili, a ɗaga ta. Lambar allo da aka kankare, ko alamar lambar haya da aka goge, ko mai sayarwa da bai san tsawon allonsa ba, duk alamu ne na kayan sata ko na shagon haya da aka gama tatsa. Garanti kuwa yawanci na mai sayen farko ne da rasit ɗinsa, kar a ƙara maka kuɗi da sunansa. Idan ta intanet ne, kar ka yarda ka tura kuɗi ta hanyar 'yan'uwa da abokai ta PayPal, wannan ba ta da kariyar mai saye, shi ya sa suke nacewa a kai.

Haka abin yake ga kayan ceto, kuma a nan rai ne a ciki. Allon da ke tasowa da kyau yana jan mai shi zuwa bayan igiyar iyaka, inda dusa ke zaftarewa, inda kuma gindin bishiya ke da ramin da ke haɗiye mutum ta ka. Na'urar neman wanda dusa ta binne tana aiki ne a kan 457 kHz, manhajar waya ba ta maye gurbinta, tsohuwa mai eriya ɗaya da ake sayarwa da araha ma a bar ta, a sayi sabuwa mai eriya uku tare da shebur da sandar caka dusa don laluben wanda ya binnu, a koyi aiki da su, a kuma tafi da abokin tafiya.

Shaguna da yawa a gindin duwatsu na ba da hayar sababbin alluna don gwaji, wasu ma na cire kuɗin hayar daga farashi idan ka saya a wurinsu. Ka tambayi wannan kafin ka biya, ka ce a ɗaura maka maɗauri a ramukan da kamfani ya yi wa alama, kuma kar ka mayar da allon da hantsi. Riƙe shi har la'asar, ka bi da shi ta inda aka yayyanka da hanyar komawa mai santsi.